Ba Kowace Fashewar Taya Ce Tsautsayi Ba

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, maganar taya ce ke tafe da ni, kuma sai da na ga uwar bari na ɗauko alƙalami.

Da bazarar 2023 na ɗebi uwargida da yara a 'yar Corolla ɗina za mu Zariya biki. Muna gab da Kwanar Ɗangora tayar baya ta yi bindiga, mota ta shiga rawa, da ƙyar na tsayar da ita a gefen titi. Kowa ya ji sai ya ce tsautsayi ne. Ni kuwa na san laifina ne, domin 'yar Kwatano na saya don na ga zanenta bai suɗe ba, ban damu da shekarunta ba.

Wallahi 'yan uwa, taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Roba ce, zafi da daɗewa suna busar da ita har ta riƙa tsattsagewa. Ka duba jikinta, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tawa 2312 ce, wato mako na 23 a 2012. Shekara goma sha ɗaya! Alhali kamfanin Michelin da kansa ya ce kada taya ta wuce shekara goma a mota, komai kyan zanenta.

Na san za a ce sabuwa ta yi tsada. Gaskiya ne, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya bi sahu a Legas a 2008, muka dogara da na waje. To amma araha ba ta ado. Kuɗin taya biyu ya kai kuɗin asibiti? Balle ran ɗanka?

Sai batun iska. Mai faci ya buga taya da ƙarfe ya ce ta yi, kai kuma ka gyaɗa kai. Haba malam! A bakin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi girman tayar da ta dace da motarka da iskar da take so. Ka sa a auna da geji da safe kafin ta ɗau zafi, har da safaya. Masu rage iska wai don ana zafi kuwa kuskure suke yi, tayar da ba ta cika ba ta fi lanƙwashewa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa. In kuma ka ga tana cin gefe ɗaya, kai motar a yi mata alaimin.

Ƙaddara gaskiya ce, amma an hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Don Allah maigida, kafin ka ɗebi iyali gobe, ka durƙusa ka karanta lambobin nan huɗu. Allah Ya tsare mana hanya, amin.