Kowa da kiwon da ya karɓe shi: macijin masara a ɗakin Bature

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A ƙasar Hausa, in maciji ya shigo gida sanda ake nema. A Amurka da Faransa kuwa akwai macijin da ake zuwa kanti a saya da kuɗi, a kai ɗaki a yi masa shimfiɗa. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da tafiya ta kai shi can yana iya iske shi kwance cikin akwatin gilashi a gidan mai masauki. Amurkawa na kiransa macijin masara, Faransawa kuma macijin alkama.

Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, wajajen Fulorida da Jojiya da Karolina. Wasu sun ce sunan ya samo tushe daga yadda manoma ke yawan ganinsa gindin rumbunan masara yana farautar kusu, wasu kuma sun ce zanen cikinsa ne ya yi kama da ƙwayar masara. Ba shi da dafi, nannaɗe abin da ya kama yake yi ya matse, irin yadda mesa take yi. Tsawon babba kan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tun shekara ta 1961, da wani likitan fata mai suna Bernard Bechtel ya samu ƙyanƙyasar zabiyarsa ta farko a gida, masu kiwo suka dinga fitar da launi iri-iri, har ya zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a duniya.

Masu sayarwa na yaba shi da sanyin hali, suna cewa shi ne ya dace da sabon shiga. Gaskiya ne, amma akwai abin da ba su cika faɗi ba. Akuya in ta ji yunwa kuka take yi, kare in ba shi da lafiya maigida zai gani a idonsa. Maciji ba ya kuka, ba ya roƙo. Yana iya yin watanni yana lalacewa cikin akwati, mai shi na tsammanin hutawa yake. Saboda haka kiwonsa ba ya yiwuwa sai da awo da lissafi.

Abu na farko shi ne zafi. Jikin maciji ba ya ɗumama kansa, daga waje yake samun ɗumi. Dole gefe guda na akwatin ya kasance wajen digiri 28 zuwa 30, ɗaya gefen kuma 22 zuwa 25, domin ya riƙa zaɓen inda jikinsa ke so. Kowane gefe a sa masa maɓoya, a ajiye ma'aunin zafi, a kuma haɗa abin ɗumamawa da na'urar da ke kashe shi in zafi ya wuce iyaka, in ba haka ba maciji kan ƙone yana kwance. Babba na bukatar akwati mai tsawon santimita 120 ko fiye. Murfi kuwa sai mai makulli, don wannan dabba gwanar silalewa ce: ramin da kanta ya shiga, jikinta duka zai bi.

Na biyu abinci, kuma nan ne da yawa ke ja da baya. Macijin masara ba ya cin tsaki ko dusa, kusu yake haɗiyewa sukutum. Ƙarami ana ba shi jaririn kusu kowane kwana 5 zuwa 7, babba kuma guda a kwana 10 zuwa 14, wanda kaurinsa bai zarce na tsakiyar jikin macijin sosai ba. Masana sun fi son a sayi daskararre, a narkar da shi cikin ruwa mai ɗumi, saboda kusu mai rai na iya cizon maciji ya ji masa ciwo. Ke nan wanda ya sayi maciji ya amince da ajiye mataccen kusu cikin firigo, abin da ya kamata a shawarta da uwargida tun kafin a je kanti. Bayan ya ci, ba a ɗaukarsa sai an yi awa 48, don kada ya amayar. Sabon zuwa ma ana barinsa sati guda ba a taɓa shi ba, har ya saba da wuri.

Na uku saɓa. In lokacinta ya gabato, idanunsa kan yi hazo, launinsa ya dushe, wani lokaci ya ƙi abinci. Lafiyayye a zare guda yake tuɓe ta, kamar safa. In ta fita guntu-guntu, alama ce ta bushewar iska, sai a ƙara masa laima, a duba ƙarshen wutsiya da idanu ko wani abu ya maƙale. Numfashi mai ƙara ko kumfa a baki kuwa maganar likitan dabbobi ce.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, shi ya sa ake wanke hannu da sabuni bayan kowace taɓawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar kada a bari yara ƴan ƙasa da shekara 5 su taɓa irin waɗannan dabbobi. Doka ma sai an bincika: Ostareliya ta hana ajiye shi, haka jihar Jojiya, duk da cewa ƙasarsa ce ta haihuwa.

Wanda sha'awa ta ɗebe shi har ya yi tunanin kawo shi Nijar, ya tuna da bazarar Maraɗi da Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta da za ta ruɓar da abincin da ke firigo. Mafi hatsari shi ne yaro ya ga hoto a waya, ya ɗauka duk maciji mai zane abin wasa ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba dangin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81.000 zuwa 138.000 kowace shekara a duniya.

Babbar tambaya dai ta shekaru ce. A daji macijin masara kan yi shekara 6 zuwa 8, a gida kuwa 15 zuwa 20, wani ma ya wuce. Ɗalibin da ya saye shi a shekarar farko ta jami'a zai gama karatu, ya yi aure, ɗansa ya shiga lakkwal, macijin na nan yana jiran kusunsa. Wanda bai shirya riƙon wannan amana ba, gara ya tsaya bakin gilashi ya yi kallo, ya koma gida wajen tantabarunsa.