Matar da Aka Saka Gab da Ritaya, Ina Rabonta a Fansho?

Akwai maganar da muke kauce mata duk lokacin da aka zauna sulhun aure a Iddo ko Agege, wato kuɗin fansho.

Da yawa cikin mutanenmu ma'aikata ne, wasu a reluwe, wasu a tashar jiragen ruwa ta Apapa. A dokar fansho ta 2014, duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wurin aikinsa ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa shi kaɗai. To, matar da ta yi shekara talatin a ɗaki ɗaya na haya, tana tuyar ƙosai, tana zubin adashi, tana toshe kuɗin makarantar yara duk sanda albashi ya makara fa? Idan mijin ya rasu tana ɗakinta, tana da tumunin takaba. Idan kuwa ya sake ta ana saura shekara ɗaya ya yi ritaya, da idda ta cika, ko kwabo. Sai dai a sa ta a motar Kano da ƙullin kayanta, ta koma gidan da iyayen ma sun riga mu gidan gaskiya.

A Ingila, tun Disambar 2000 alƙali yana iya raba fansho tsakanin ma'auratan da suka rabu. A Najeriya, dokar 1970 ta ba kotu ikon raba dukiya, amma ga auren rajista kawai, namu kuwa a masallaci ake ɗaura shi.

Ba muna cewa a raba biyu ba ne. A Musulunci dukiyar miji tasa ce, ta mace tata ce. Amma akwai mutu'a, kyautar sallama da aya ta 241 a Suratul Baƙara ta ambata ga matan da aka saka. Malamanmu na Malikiyya sun ce mustahabbi ce, mu kuma muka mai da mustahabbin kamar babu shi. A Masar, dokar 1985 ta sa wa wanda ya saki mata ba da yardarta ba, kuma ba laifinta, ya biya aƙalla kuɗin ciyarwar shekara biyu.

Don haka muna kira ga limamanmu da sarakunan Hausawa na Legas: idan sulhu ya gagara, a tambayi mijin shekarun auren da abin da ya taru a asusunsa, a yanka mata mutu'a daidai ƙarfinsa, a rubuta gaban shaidu. Mata masu sana'a kuma, tun Maris 2019 hukumar PenCom ta buɗe tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i. Kowacce tana iya buɗe asusu da sunanta, ta riƙa zuba wani abu daga ribar ƙosan.