Katifar da ke lotsawa kafin amarya ta cika shekara

Duk ma'aikacin da aka taɓa turawa aiki Dogon Kirya, arewa da Dogon Dutsi, ya san abu biyu: ƙugin hanyar jar ƙasa da ke karkaɗa ƙashin baya bisa moto, da kuma katifar da yake faɗawa kanta da dare. Kujerar moton da katifar abu ɗaya ne, wato soson da masana ke kira poliyuretan. Shi ne kuma uban amarya ke ci bashi domin ya saya cikin kayan ɗaki, sannan bayan damina guda a tarar tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi.

Wani Bajamushe, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka gano wannan sinadari a shekarar 1937. Sanadarai biyu ake haɗawa, a ƙara ruwa kaɗan, sai iska ta taso cikinsu, cakuɗin ya kumbura kamar ƙullin waina da ya kwana, ya daskare da ƴan ramuka marasa iyaka. Katifu da dama na kasuwannin Arewa daga Najeriya suke shigowa, inda kamfani irin Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, ke wannan aiki.

Abin da ido ba ya gani shi ne ƙirar cikin. Jikin soso sarƙoƙi ne dogaye, sirara ƙwarai, an ɗaure su nan da can kamar ragar masunta. A jikin wasu sarƙoƙin akwai ƙananan rassa, kai guda a ɗaure, ɗaya kan yana reto, kamar gezar rawani. Idan nauyi ya sauka bisa soson, sarƙoƙin da ke ɗaure ta kai biyu sukan miƙe su koma nan take, su mayar da ƙarfin da aka ba su. Rassan nan masu reto ba sa mayar da komi. Sukan ja jiki a hankali, suna gogar maƙwabtansu, ƙarfin bugun ya zama ɗan ɗumi ya watse. Wannan shi ne shanye girgiza, kuma shi ne bayan mai moto ke nema tsakanin Dogon Dutsi da Dogon Kirya.

Sai dai ba kowane reshe ke aiki iri ɗaya ba. Gajere mai kauri yana tokare sarƙa, ya hana ta juyawa, soson ya yi tauri. Dogo mai laushi yana buɗa sarari tsakanin sarƙoƙi, su samu wurin motsi, soson ya saki jiki. Abin sha'awa, man zurma, wadda ke fitowa da kanta bayan gidaje ba mai kula ta, yana cikin mayukan da masana'antu ke yin poliyuretan da su, kuma shi da kansa yake zuwa da irin waɗannan rassa masu reto.

Inda zancen ya shafi ɗan kasuwar Arewa shi ne zafi. Kowane soso yana da iyakar da, in sanyi ya wuce ta, sarƙoƙin sukan sandare; in zafi ya haura ta sosai, sukan yi motsi ba tare da gogayya ba. A daidai bakin iyakar nan ne shanye girgiza ke kai ƙarshen ƙarfinsa. Soson katifa na yau da kullum iyakarsa tana can ƙasa da sanyin ƙanƙara, shi ya sa halinsa bai cika canzawa ba, rani da hunturu. Amma soson nan mai tsada da ke riƙe shatar hannu, wanda aka ƙirƙiro a 1966 domin kujerun jiragen hukumar NASA ta Amurka, an tsara iyakarsa kusa da ɗumin ɗakin Bature. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano, sai ya zama lagwani, mai kwanciya ya nutse. Daren Janairu kuwa ya yi tauri kamar dakali. Wanda ya zuba albashin wata ya sayo shi daga Yamai don taƙama, ya sayi rigar da aka ɗinka wa wata ƙasa.

Lotsawar katifar amarya kuwa, galibi ba laifin rassa ba ne, laifin rowa ne. Ingancin soso yana bin yawan sinadarin da ke cikinsa, shi ya sa mai saye ke ɗagawa ya ji nauyi. Masu algus sun san da haka, sai su zuba garin alli cikin cakuɗin. Nauyi ya samu, amma alli ba ya miƙewa, ba ya komawa, cinye bangon ramukan yake yi sannu a hankali har su karye. Mai sayarwa a Tibiri ko Dogon Kirya sau da yawa shi ma bai sani ba, shi ne dai za a zaga ranar da katifar ta mutu.

A masana'anta ana sakin ƙwallon ƙarfe daga tsawon rabin mitir a auna tashinsa: bisa soson kirki na yau da kullum yakan tashi kusan rabin tsawon, bisa mai riƙe shata ko kashi ɗaya cikin biyar ba ya kaiwa. Ɗan kasuwa ba ya da wannan na'ura, amma yana da gwiwa da farce. Ya durƙusa bisa katifar na ɗan lokaci: in gwiwarsa ta ji ƙasa, ko gurbin ya ƙi cikewa, ya bar ta. Ya buɗe ɗinkin gefe ya karce soson: in farin gari ya biyo farcen, alli ne. Kuma kada ya jingine haja a rana ƙofar kanti, don hasken rana na tsinka sarƙoƙin, soson ya yi rawaya, ya fara marmashewa tun kafin mai saye ya taya.