Katun ɗin samurai: kyan zane kaɗai bai isa a yaba ba

Duk malamin da ke koyar da 'yan shekara 12 zuwa 17 a N'Djamena ya san katun ɗin Japan ya riga ya shigo ajinsa, ko ya so ko ya ƙi. Yaran suna ce masa manga, kamar yadda bakin masu Faransanci ya saba, ko da yake manga littafin zane ne, mai motsin kuwa sunansa anime. A nan Moursal ba sai gidanku na da intanet ba. Yaro ɗaya ya sauke, ko ya kai katin wayarsa wurin masu tura fina-finai, kafin sati ya zagayo rabin aji sun gani. Cikin waɗanda suka fi ɗaukar hankalinsu akwai na samurai, wato mayaƙan takobi na tsohuwar Japan.

Manya sun rabu gida biyu a kai. Wasu na cewa ai katun ne, wasan yara, a bar su. Wasu kuma da zarar sun hango takobi da jini sai su ƙwace waya. Su kuwa yaran ma'auninsu ɗaya ne tak: "Malam, zanen nan ya haɗu!" In wuta na tartsatsi, takobi na walƙiya, hoto na juyawa sama da ƙasa, to fim ya yi kyau. Abin da nake so in ce shi ne, a labarin da aka gina kan takobi, kyan zane ba a auna shi da walƙiya. Ana auna shi ne da abin da zanen ya yi da mutuwa: ya ba ta nauyinta, ko ya mayar da ita ado.

Bari in fara da yadda ake yin abin, don da yawa cikinmu muna yabon abin da ba mu san yadda aka ƙera shi ba. Fim na tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Tun da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin a 1963, masu zanen Japan suka saba da tsimi: sau da yawa zane 8 ne kawai a daƙiƙa, wani lokaci ma hoto ɗaya ne a tsaye, baki kaɗai ke motsi. Kuɗi da lokaci ne suka tilasta musu. To amma talaucin nan ya koya musu wata dabara, ta sanin inda za a zuba ƙarfi da inda za a tsaya cik. Faɗan takobi na gaske ba ya daɗewa. Mutum biyu sun tsaya suna kallon juna, iska na kaɗa ciyawa, sai sara ɗaya, shi ke nan. Wannan tsayuwar ba kasawa ba ce, a cikinta tsoron yake. Yaron da ya ce "nan ba su yi zane ba, hoton ba ya motsi" sau da yawa ya wuce wurin da aka fi yin aiki bai lura ba.

Misali mafi kyau da na sani shi ne Rurouni Kenshin, wanda masu Faransanci suka sani da Kenshin le vagabond. Nobuhiro Watsuki ya fara littafin a 1994, aka yi katun ɗinsa na talabijin daga 1996 zuwa 1998, kashi sama da 90. Labarin na faruwa ne a 1878, shekara 10 bayan juyin da ya kifar da mulkin gidan Tokugawa ya mayar da iko hannun sarki Meiji, shekara 2 kuma bayan dokar da ta hana samurai yawo da takobi. Kenshin tsohon makashi ne da ya rantse ba zai ƙara kisa ba, har takobinsa kaifin na baya ne, wajen mai riƙe da shi. A na talabijin launuka na sheƙi, akwai barkwanci, a maƙe shi a ka idanunsa su yi ta juyawa, yara su yi dariya.

A 1999 kuma darakta ɗaya, Kazuhiro Furuhashi, ya yi wani kashi 4 a kan ƙuruciyar Kenshin ɗin nan, wanda ake kira Tsuiokuhen. Mutum ɗaya, labari ɗaya, amma ka rantse ba gida ɗaya suka fito ba. An dushe launuka, an cire barkwancin gaba ɗaya, an rage surutu. Tun farko za ka ga yaro maraya yana tona kaburbura da hannunsa, yana binne 'yan fashin da suka afka musu tare da masu fataucin bayin da suka saye shi, bai ware kowa ba. Yana ɗan shekara 14 ko 15 manyan 'yan siyasar yankin Choshu suka ɗauke shi aikin kisa a lungunan Kyoto. Wani saurayi da ya sare a wani dare ya ƙi mutuwa da sauri, yana ta jan jiki saboda akwai yarinyar da zai aura, kafin ya cika ya yanki Kenshin a kumatu. Tabon nan ya ƙi warkewa, duk lokacin da ya tuna sai ya tsatso jini. Jinin da ke cikin wannan kashi 4 ya fi na talabijin yawa nesa ba kusa ba. Amma fa wallahi ban taɓa ganin yaron da ya gama kallonsa ya fita yana wasa da sanda yana kwaikwayon sara ba. Shiru suke yi.

Wani zai ce, Malam, duk wannan dogon bayani a kan katun? E, saboda garin da muke ciki. Mu da muka haura 30 mun ga ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008, lokacin da yaƙi ya shigo tsakiyar N'Djamena, mutane suka yi ta tsallaka gada zuwa Kuseri da 'yan ƙullin kayansu a ka. Sai a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire sojan Chadi daga jerin masu ɗaukar yara aikin soja. Labarin yaron da manya suka miƙa wa makami suka ce masa don ƙasa ne, ba labarin Japan kaɗai ba ne. Ɗalibanmu na yanzu yawancinsu an haife su bayan 2008, ba su ji ƙarar ba, ba su ga gawa a bakin titi ba. Yadda kisa yake, a allon waya suke fara koyonsa. Ina ganin ya dace mu damu da wane ne ke koya musu, da wace irin murya.

Ɗan ƙasarmu Mahamat-Saleh Haroun ya riga ya nuna ana iya yin haka ba tare da hayaniya ba. A fim ɗinsa Daratt na 2006, wanda ya samu kyautar alƙalai ta musamman a bikin fina-finai na Venice, kaka ne ya miƙa wa jikansa Atim ƙaramar bindiga ya turo shi N'Djamena ya kashe wanda ya kashe ubansa. Yaron ya tarar da mutumin yana gasa burodi, ya zauna yana koyon aiki a hannunsa, bindiga na jikinsa. Kusan duk fim ɗin jira ne. Wanda ya fahimci Daratt zai fahimci Kenshin na 1999 nan take, duk da ɗaya mutane ne ɗaya zane.

Kada a ɗauka ina ƙin kyan motsi. Sword of the Stranger, fim ɗin kamfanin Bones na 2007, faɗansa na ƙarshe a cikin dusar ƙanƙara na cikin mafi kyawun abin da hannu ya taɓa zanawa a wannan fanni, har masu koyon zane na tsayar da shi hoto-hoto suna nazari. Ana jin nauyin ƙarfe, ana ganin ƙafa na zamewa, numfashi na fita kamar hayaƙi. Amma abin da ya sa faɗan ke kama zuciya shi ne tun farkon fim jarumin ya ɗaure takobinsa da igiya a kube, ya ƙi zare shi, saboda an taɓa ba shi umarni ya kashe yara kuma ya bi umarnin. Sai da aka ja mu fiye da awa ɗaya kafin igiyar ta tsinke. Demon Slayer da yaranmu ke mutuwar so, shi kam ba na samurai ba ne ma, zamanin Taisho ne, tsakanin 1912 da 1926, kuma aljanu ake sarewa. Zanensa na da kyau, ba musu. Mu bar shi a nan.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Yasuke, da Netflix ta fitar a 2021, kashi 6, zanen kamfanin MAPPA. Yasuke mutum ne na gaske, baƙar fata ɗan Afirka. Ya isa Japan a 1579 tare da wani fada ɗan Italiya, Alessandro Valignano. A 1581 aka kai shi gaban Oda Nobunaga, wanda ya fi kowa ƙarfi a ƙasar a lokacin, har Nobunaga ya sa a wanke shi don bai yarda launin fatarsa na halitta ba ne. Ya riƙe shi a fadarsa. A Yunin 1582, da Akechi Mitsuhide ya ci amanar Nobunaga a Honnoji, Yasuke na cikin waɗanda suka yi faɗa a ranar, aka kama shi aka mayar wa fadan coci, daga nan tarihi ya yi shiru a kansa. Dubi irin wannan labari! Baƙo a ƙasar da ba ya jin harshenta da farko, mutane na turereniya don su gan shi, ubangidan da ke ƙona gidajen ibada ya kuma ja shi a jiki. Me aka yi da shi? Aka cika shi da manyan butum-butumi masu harbi, da matsafa, da wata mata mai rikiɗa ta zama dabba, da yarinya mai ƙarfin sihiri. Kuɗi an kashe, kiɗan Flying Lotus ya yi daɗi, launi kamar bakan gizo. Sai dai ka gama kallo ba ka san mutumin ba. Kamar masu yin sa ba su yarda rayuwar Ba'afirke ɗaya ta isa ta riƙe mai kallo ba sai an yi mata ƙarin gishiri.

Ba wai haɗa tarihi da wasa ne laifi ba. Samurai Champloo na Shinichiro Watanabe, da ya fara fita a 2004, ya zuba kiɗan hip-hop a zamanin Edo, wani jarumin ma faɗansa kamar rawar titi. Amma ya san lokacin da zai daina dariya, musamman da labari ya iso kan Kiristocin da gwamnatin Tokugawa ke farauta suna ɓoye addininsu. Yasuke bai san wannan lokacin ba.

Akwai kuma abin da ke sa ni murmushi. Fim ɗin da ya biyo ta waya biyar kafin ya iso hannun yaro a Moursal, an matse shi don ya rage cin wuri, ana kallonsa a allo mai faɗin tafin hannu, wani lokaci a fashe. Duk tartsatsin da aka kashe miliyoyi a kansa ya zama dishi-dishi. Abin da ke tsira daga wannan tafiya shi ne fuska, da shiru, da labari.

Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa a daidai shekarun da Nobunaga ke amfani da bindigogi a yaƙin Nagashino na 1575, Mai Idris Alooma na Borno na da 'yan bindigar da Turkawa suka horar, yana kai yaƙi Kanem, a cikin ƙasar nan tamu, limaminsa Ahmad ibn Furtu na rubutawa. Sai su buɗe baki. Sun san sunan Nobunaga da na mayaƙansa, ba su san wannan ba. Rabeh kuwa a Kuseri aka kashe shi, tsallaken ruwa kawai, ranar 22 ga Afrilun 1900, ranar da kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu, wanda garin nan ya ɗauki sunansa har 1973. Wata rana cikin yaran nan masu cika bayan littafinsu da zanen takubba wani zai zana Rabeh. Ba abin mamaki ba ne, Moustapha Alassane na Nijar ya yi katun tun shekarun 1960 da kayan aikin da ba su kai wayar hannunsu ba. In walƙiya kaɗai yaron ya koya, zai ba mu Rabeh gwarzo mai tsalle sama da doki, ya manta da Kukawa da aka ƙona a 1893 da mutanen da aka kora bauta. In kuma ya koyi abin da Furuhashi ya yi, zai iya nuna mana mutumin da ya tsaya wa Faransa da mutumin da ya ɗaiɗaita garuruwa a jiki ɗaya.

Sai dai iyaye a kula, nauyin labari ba ya nufin ya dace da kowane yaro. Kenshin na talabijin, ko sabon da aka sake yi a 2023, ɗan shekara 12 zai iya kallo. Dororo na 2019, labarin uban da ya sayar wa aljanu gaɓoɓin jaririnsa don mulki, da Kenshin na 1999, a bari sai 15 zuwa sama, kuma ya fi kyau babba na kusa. Ku zauna ku kalli kashi biyu tare, ku tambayi yaron: wanda aka sare ɗin nan wane ne, wa ya bari a gida, fim ɗin ya nuna? Amsarsa za ta gaya muku irin fim ɗin. Blue Eye Samurai na 2023 zanensa ya ƙayatar, amma akwai tsiraici ƙarara, na manya ne. Shigurui na 2007 kuwa, labarin gasar takobi na gaske da wani azzalumin basarake ya shirya a 1629 don nishaɗinsa, gwaninta ce a wajen masu zane, ba a musu, amma in ka gan shi a wayar ɗan shekara 13 ka goge shi, sannan ka tambaye shi wa ya tura masa.