Ba Duk Mai Farar Riga Ne Likita Ba

A ƙasar Ingila akwai wasu ma'aikatan asibiti da aka riƙa ce wa "abokan aikin likita". Bayan digirin farko, shekara 2 suke yi suna koyon aikin, alhali shi likita sai ya share shekara 5 ko 6. A 2022 wata mata 'yar shekara 30 a Landan ta je asibiti sau 2 da ciwon ƙafa, tana zaton likita ne ya duba ta, ashe ba likita ba ne. Ba a gane gudan jini ne ba, har ya toshe mata huhu ta rasu.

Sai a Disamba 2024 hukumar rajistar likitocin ƙasar ta fara sa musu ido. A 2025 kuma binciken Farfesa Gillian Leng ya ba da shawarar a mai da sunansu "mataimakan likita", don jama'a su san bambanci.

To, mu nan fa? Nas, malamin asibiti, mai kemis, kowa "Dokta" muke ce masa. Ba wai raina su muke yi ba, ai su ne ke riƙe da asibitocin ƙauyukanmu. Amma dai a kira kowa da sunan aikinsa. Saboda haka in kun kai mara lafiya, kada ku ji nauyin cewa, "Malam, don Allah kai ne likitan?" In kuma ciwo ya ƙi sauƙi, a nemi ganin likita. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ƙara mana lafiya.