Ƙofar roba ta shigo gari: mu yi lissafi kafin mu zuba kuɗin aya



Duk mai bin babbar kwalta daga Gidan Runji, ya ratsa Maradi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, ya ga yadda sabbin gine-gine ke tasowa. Kwanan nan kuma wata irin ƙofa ta fara shiga ran mutane: fara fat, sumul, ba fenti ba tsatsa. Mu dai ƙofar roba muke ce mata, 'yan kasuwa kuwa PVC suke kiranta. Ɗan cirani ya turo hotonta ta WhatsApp, maigida ya gani, uwargida ta gani, shi ke nan magana ta tashi a gida.

Ba mu ƙi ta ba. Gara ba ta cin ta, ruwa ba ya sa ta tsatsa, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, wanda a watan Afrilu ko taɓa shi ba ka iya yi da rana tsaka. Abin da muke cewa shi ne, kuɗin da mai shago ya faɗa maka a Maradi somin taɓi ne.

Ƙofar nan ba a garuruwanmu ake yin ta ba. Galibi daga Sin ko Turkiyya take fitowa, ta sauka a bakin teku, ta biyo ta Kano da Katsina da Jibiya ta shigo ta Ɗan Isa, ko ta zagayo daga Lome ta Burkina Faso. Mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023: iyaka da Najeriya ta rufe, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024, hanyar Kwatano kuma ta cuɗe. Kowane shinge, kowane duwan, kowace litar gazuwal, a kan mai saye suke sauka. Daga Maradi kuma sai ka kai ta gida. Agye kusan kilomita 80 ne. A ɗora ta bisa mota tare da buhunan hatsi, yaran mota su ja igiya iya ƙarfinsu, in ta tsage a hanya ba mai biyan ka.

Babbar matsalar tana wurin kafawa, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Ƙofar kamfani da awonta take zuwa, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Mu kuwa bakin zaurenmu magini ne ya yanke shi da ido da kamu, wani faɗi, wani tsawo, wani ma sama ya fi ƙasa faɗi. Dole a fasa bango ko a cike. In ginin ƙasa ne, abin ya fi haka, domin firam ɗin ƙofar roba da kusoshi masu murɗi ake ɗaure shi, su kuma ba su kama laka. Sai an gina gefe biyu da bulo da siminti, an zuba dogari a sama da rodi, an jira ya bushe. Ga kuɗin yashi, ga tsakuwa, ga ruwa, ga magini da lebura, ga abincinsu. Gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, mun gode, amma buhun da zai kai Gangara ko wani ƙauye bayan Tibiri yana ɗauke da kuɗin mota da na amalanke.

Bayan haka sai mai kafawa. Wanga aiki ba ya son "ai ya yi". In firam ya karkace ko da kaurin yatsa ne, makulli ba ya shiga, ƙofa ta riƙa gogar ƙasa. Wanda ya iya aikin sosai sau da yawa daga Maradi za ka ɗauko shi, ka biya zuwansa da komawarsa. Damina ta zo, bango ya sha ruwa ya ɗan zauna, sai ka sake neman sa. Wanda ya ga ruwan 2024 a jihar Maradi ya san bango na motsi.

Akwai kuma wata yaudara da ya kamata a faɗa a fili. Ƙofar roba iri biyu ce. Akwai mai kauri, wadda aka sa ƙarfe a cikin firam ɗinta, makullinta na kamawa sama da tsakiya da ƙasa; wannan ita aka yi don bakin gida, kuma tana da tsada. Akwai marar nauyi, holoƙo, ta banɗaki. Ita ce ta fi yawa a kasuwa, ita ce mai araha, kuma ita ce wani zai miƙo maka ya ce "wallahi Alhaji irin ta Turai ce". Ka sa ta a rana mai wuce digiri 40, ta yi ja-ja, ta bushe, ta fara karyewa. Ballantana bakin zaurenmu da ba hutu: rago ya tunkuya, babur ya goga, yara su yi lilo, a shigo da damin gero.

Ga 'yan'uwanmu na Gidan Runji maganar ta wuce ado. Tun 2019 yankin ke karɓar mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Ba ƙofar da ke tsayar da mai bindiga, wannan gaskiya ne. Amma ƙarfe mai sakata biyu yana ɗaukar lokaci kafin ya ɓalle, yana kuma yin ƙara, maƙwabta su ji, iyali su samu ta fita. Ƙofar banɗaki kuwa ƙafa guda ta ishe ta.

Shi ya sa a ganinmu, ga bakin gida, mai waldan unguwa har yanzu ya fi. Zai zo ya auna ƙofarka yadda take, ya yi mata ƙafafun da za a binne cikin bango, ko na ƙasa ne ko na siminti. In hinji ya karye bayan shekara uku, yaronsa zai gyara kafin la'asar. Makullin ƙofar roba in ya lalace, sai ka yi sa'a ka samu irinsa ko a Maradi. Kuma jikkunan da ka biya suna nan cikin gari, suna ciyar da yaran da ke koyon sana'a maimakon su kama hanyar Agadas.

To amma masu walda, ku ma ku ji. Ku ne kuke tura mutane wurin roba. A yi ciniki kan ƙarfe mai kauri, a kawo mai kamar gwangwanin madara. A shafa fenti ba jan maganin tsatsa a ƙasa, damina biyu gindin ƙofa ya ruɓe. A karɓi kuɗin kafin alƙalami, sati uku ya koma wata uku, kullum "ba wuta". Mun san Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, mun san gurup na shan mai, amma ba kowane jinkiri ne laifin Nijelek ba.

Ƙofar roba tana da wurinta: banɗaki, ɗakunan ciki na gidan siminti, shagon magani, ofis. Wanda kuma ya nace sai ita a bakin gida, kuɗinsa ne. Ya dai ɗaga ta ya ji nauyinta, ya sa a nuna masa ƙarfen da ke cikin firam, ya tambayi inda ake samun makullinta. Ya nemi farashi guda wanda ya haɗa ƙofa da ɗauka da kafawa, a rubuta a takarda gaban shaida, ya riƙe wani abu daga cikin kuɗin har ƙofar ta yi sati tana buɗewa tana rufewa. Aikin kuma a yi shi da rani, bayan an sayar da aya da riɗi da wake, bango na bushe, tun hadarin farko bai taso ba.