Mu Daina Barin Makulli A Jikin Ƙofa

Ina so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun hutun da ya wuce.

Duk wanda ya ke kwana a ɗakinmu ya san irin gardamar da a kan tafka bayan an tashi daga karatun dare. Dokar makaranta ta hana mu riƙe waya, amma ba ta hana bakinmu ba. Wannan ya ce kyamarar wayar yayansa megafiksel 50 ce, wancan ya ce ai ta kawunsa 108 ce. Wani ya rantse babu burauzar da ta kai Chrome sauri, wani ya ce shi dai a bar shi da Opera Mini, don ba ta cin data. Haka za a yi ta yi har shugaban ɗaki ya kashe fitila. Amma tun da na shigo makarantar nan ban taɓa jin an yi gardama a kan yadda a ke saita waɗannan abubuwa ba, balle abin da su ke ajiyewa game da mu bayan mun tashi mun bar su. A ganina nan ne maganar ta ke, kuma ga dalilina.

A lokacin hutu na raka yayana wani shagon intanet a garinmu, zai buga takardar JAMB mai nuna rana da wurin da zai zauna jarrabawa. Da aka ba mu kwamfuta ya buɗe burauza zai shiga imel ɗinsa, sai ga akwatin wata yarinya a buɗe, ba mu san ta ba, ba wanda ya tambaye mu kalmar sirri. Ga cikakken sunanta, ga lambar wayarta, ga hoton fasfo, ga takardarta ta NIN da ta aika wa kanta don a buga mata. Yaya ya rufe akwatin, ya kira mai shagon, ya ce, "Malam, zo ka ga abin da aka bari a nan." Mutumin ya leƙo, ya yi dariya, ya ce, "Ai kullum haka su ke yi, ƙanena. Ni ma na buɗe mata imel ɗin, kalmar sirrinta tana cikin littafina." Sa'an nan ya ɗaga wani littafin rubutu mai shafi 80 ya nuna mana, cike da sunayen mutane da kalmominsu na sirri. Nan take cikina ya ɗuri ruwa, domin ni ma shi ya buɗe mini nawa tun ina aji uku.

Ban ce mutumin nan mugu ba ne. Wataƙila taimako ya ke nufi, gama da yawanmu mu kan manta kalmar da aka ba mu kafin mu isa gida. Amma littafin a kan tebur ya ke wuni, kuma shagon kowa da kowa na shiga.

To, yaya aka yi akwatin yarinyar nan ya kasance a buɗe? Abu biyu ne. Na ɗaya, rufe burauza ba shi ne fita daga imel ba. Idan ka shiga wani shafi da kalmar sirrinka, shafin ya kan bar wa burauzar ɗan guntun bayani da a ke kira kuki, watau kamar shaidar cewa an riga an tantance ka. Muddin ba ka danna wurin fita da kanka ba, shaidar tana nan, duk wanda ya zauna bayanka da sunanka zai shiga. Na biyu, burauza ta kan tambaye ka ko ta ajiye maka kalmar sirrin, mu kuwa da mun ga akwati ya ɓullo sai mu danna maɓallin da ya fi haske don ya ba mu wuri. Shi ke nan an ajiye. Wanda ya san kalmar buɗe kwamfutar zai iya zuwa cikin saituna ya karanta taka harafi-harafi.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a ɗaki: "Ni me na ke da shi da za a sata?" Ɗan'uwa, kana da suna. Imel shi ne makullin sauran ƙofofi, domin ta nan a ke sauya kalmar sirrin Facebook da makamantansa idan an ce an manta. Wanda ya riƙe shi zai iya zama kai, ya aika wa gwaggonka saƙo cewa kana asibiti a turo kuɗi. Tun shekarar 2021 kuma ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, ita ce kuma aka haɗa da layukan wayarmu, don haka takardar nan da mu ke watsarwa a kwamfutocin shaguna ba wasa ba ce. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi muni, gama hoto ɗaya da aka haɗa da ƙarya ya isa ya zubar da mutuncin gida.

Akwai kuma maganar ɗan kwaɗon nan da ya ke fitowa a gefen adireshin shafi. Da yawanmu mun ɗauka in akwai kwaɗo to shafin na gaskiya ne. Ba haka ba ne. Abin da ya ke nufi kawai shi ne hanyar da ke tsakaninka da shafin a kulle ta ke, wani ba zai tsaya a tsakiya ya karanta ba. Ɗan damfara ma yana iya sa wa shafinsa kwaɗo. Kamfanin Google da kansa ya ce a binciken da ya yi a 2021, kashi 11 cikin ɗari ne kaɗai na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anarsa, har ya cire hoton kwaɗon daga Chrome a 2023. Saboda haka adireshin za ka karanta da idonka. Haka nan tagar nan da a ke kira Incognito: tana da amfani ƙwarai a kwamfutar haya, don tana share tarihi da kuki idan an rufe ta, amma ba ta share takardar da ka sauke, kuma ba layar zana ba ce.

Yanzu bari in koma kan kyamara, tun da ita ce abin gardamarmu. Wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na megafiksel guda ba, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset. Yau kuwa ta aljihun kowa ta ninka ta sau dubbai. Amma ba kyan hoto kaɗai ya ƙaru ba. A cikin kowane hoto akwai rubutun da ido ba ya gani, sunansa EXIF, mai ɗauke da rana da sa'ar da aka ɗauka da irin na'urar, in kuma an kunna wa kyamarar sanin wuri, har da daidai inda ka ke tsaye. A 2012 wani attajiri, John McAfee, wanda ya kafa kamfanin maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize, sai 'yan jaridar da ke tare da shi suka sa hotonsu a intanet ba su goge wannan rubutu ba. Nan da nan duniya ta san yana Guatemala, ba a daɗe ba aka kama shi. In haka ta sami gwanin tsaro, ina ga ɗan aji biyar? WhatsApp ya kan cire rubutun idan ka aika hoto yadda aka saba, amma in ka aika shi a matsayin takarda don kada ya dushe, da kayansa ya ke tafiya. Kashe abin kuwa minti ɗaya ne a cikin saitunan kyamara.

Ba na ɗora mana laifin duka. Saitunan nan a ɓoye su ke can ciki, yawancinmu da Turanci mu ke ganinsu, kuma kamfanoni sun tsara su ne yadda zai yi musu daɗi, ba yadda zai kāre mu ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu iyaye kuma za su ce to a hana yara zuwa shagunan baki ɗaya. Wannan ba zai yiwu ba, gama tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta a ke yin ta, kuma ba kowane gida ke da na'urar buga takarda ba.

Roƙona ga hukumar makaranta, cikin ladabi, shi ne a duba darasinmu na kwamfuta. Mun haddace Charles Babbage, mun haddace zuriyoyin kwamfuta guda biyar, mun zana allon rubutu a littafi har ya fi na gaske kyau. A ware mana darasi ɗaya kowane zango, kowa ya zauna ya buɗe saitunan burauza da hannunsa, ya hana ta ajiye kalmar sirri, ya share tarihi, ya fita daga akwatinsa, ya kunna tantancewa mai mataki biyu wadda ke turo lamba a waya. A kuma duba kwamfutocin ɗakin, domin wasunsu har yanzu Windows 7 ne a kansu, alhali Microsoft ya daina gyara masa ɓaraka tun watan Janairu na 2020, Chrome ma ya daina sabunta kansa a kansa a farkon 2023. Iyayenmu kuma, ranar ziyara mai zuwa, bayan an sauke garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a tambayi yaro wa ya buɗe masa imel, kuma a hannun wa kalmar sirrin ta ke.

Ni dai kashegari na koma shagon, na gaishe shi, na roƙe shi ya soke sunana daga littafin. Ya duba ya duba, ya same ni a shafi na 31, ya ja layi a kai da biro, alhali rubutun ana iya karanta shi sarai. Na yi godiya, na koma gida, na ari wayar Yaya na sauya kalmar.